Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobi: Yawan Jama'a da Ƙarancin Abinci

'Yan uwa mambobi, assalamu alaikum. A madadin kwamitin gudanarwa, ga bayanin abin da muka yi bana, da abin da ya gagare mu.

Mun soma da zaman karatu na wata-wata, don kada mu fita wayar da kan jama'a alhali mu kanmu ba mu san kan lamarin ba. A zaman farko muka duba alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1950 mutanen duniya kimanin biliyan 2.5 ne, ranar 15 ga Nuwamba 2022 suka cika biliyan 8, kuma ana hasashen za su kai wajen biliyan 9.7 a 2050. Rahoton hukumomin Majalisar na 2024 ya ce kimanin mutum miliyan 733 ne yunwa ta addaba a 2023. Da yawanmu mun tashi daga zaman da yaƙinin cewa masu ci sun fi ƙarfin gonaki, iyakar zancen ke nan.

Zaman da ya biyo baya ya girgiza wannan yaƙini, kuma a ganina shi ne abu mafi amfani da muka yi duk shekara. Wasu suka riƙe ra'ayin masanin tattalin arziki ɗan Ingila Thomas Malthus na 1798, cewa haihuwa tana gudu, noma yana tafiya. Wasu suka kawo binciken masanin tattalin arziki ɗan Indiya Amartya Sen kan yunwar da aka yi a yankin Bengal na Indiya a 1943, inda ya nuna cewa talakawa sun mutu ne saboda abinci ya fi ƙarfin aljihunsu. Sai aka ɗauko misalin Bangladesh, ƙasar da mutum fiye da dubu suke zaune a kowane murabba'in kilomita guda. Ta sha yunwa mai tsanani a 1974, amma daga baya shinkafar da take nomawa ta ninka fiye da sau biyu, yawan 'ya'yan da mace take haifa kuma ya sauko daga kusan 7 zuwa kimanin 2, a daidai lokacin da 'ya'ya mata suka riƙa shiga makaranta kuma mutuwar ƙananan yara ta ragu. An yi gardama sosai, har shugaba ya ƙara lokaci. Ba mu fita da baki ɗaya ba, sai dai mun yarda cewa cunkoso yana tsananta matsalar, kuma abin da yake hana tukunya hawa wuta ya haɗa da tsada da ɓarna da ƙarancin ruwa.

Wannan fahimta ce ta sa muka juya aikinmu na fili zuwa ga ajiya. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 14 cikin ɗari na abincin duniya yana lalacewa tsakanin girbi da kasuwa, tun bai kai hannun mai saye ba. Mun koya wa ƙananan manoma yadda ake busar da hatsi sosai kafin a adana, da amfani da buhun da iska ba ta shiga, wanda yake kashe ƙwari ba tare da magani ba. Waɗanda suka gwada sun dawo suna neman ƙari, mata ma sun fi maza zuwa. Muna godiya ga mambobin da suka bar harkokinsu suka tsaya wannan aiki.

Shirin lambun cikin gida a unguwanni masu cunkoso bai tafi yadda muka so ba. Mun raba iri, mun nuna yadda ake shuka kayan lambu a cikin buhu, amma ba mu yi lissafin ruwa ba. Gidan da yake sayen ruwan sha ba zai zuba shi a buhun ƙasa ba. Laifin na kwamiti ne, domin ba mu tambayi masu gidajen ba kafin mu tsara.

Maganar tazarar haihuwa mun taɓa ta a hankali. Mun gayyaci ma'aikatan lafiya da malamai suka zauna da iyaye, aka tattauna lafiyar uwa da karatun 'ya mace, ba tare da an ɗora wa kowa laifi ba. Zama ɗaya kawai muka samu yi, ya kamata a ƙara.

Ta fannin kuɗi, ma'aji zai karanta cikakken lissafi a babban taro. Kuɗin wata bai shigo a kan lokaci ba, shi ya sa aka ɗage horon ajiya na ƙarshe. Muna roƙon wanda ake bi ya biya.

Baɗi muna son faɗaɗa horon ajiya, mu sake gwada lambu a inda ruwa yake kusa kawai, mu kuma ware zaman karatu biyu kan ruwa, tunda noma ne yake shanye kusan kashi 70 cikin ɗari na ruwan da ake ɗiba a duniya. Wanda yake da shawara ya miƙa wa sakatare kafin ranar taro.

Sakataren Ƙungiya