Godiya ga Kamfanin da Ya Ƙetarar Min da Kaya

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Manaja, da dukan ma'aikatanka na ofis da na kan hanya.

Na zaɓi in yi godiyar nan a bainar jama'a ne saboda wanda na fi so ya ji ta, akawunku mai duba takardu, ba ya zuwa gaban kowa. Ni injinan ban ruwa nake sayarwa, kuma a watan jiya na ba ku lodin tirela guda zuwa ƙasar da muke iyaka da ita.

Kafin ku, na sha wuya a hannun wani kamfani da ba zan kira sunansa ba. Kayana sun kwana tara a boda, kuɗin kwanan mota yana hawa, duk sanda na buga waya sai a ce "an kusa". Shi ya sa na shigo ofishinku da ɗari-ɗari.

Ranar da na kawo takardu, akawun nan ya ɗora yatsa a kan layi ɗaya ya ce, "Alhaji, injina cikakku ne ko kayan gyara?" Na ce cikakku ne. Ashe yaron shagona ya rubuta 8413.91, lambar sassan famfo, alhali injinan nawa 8413.70 ce tasu. Wannan tsarin lambobin kaya da ake kira HS, da Hukumar Kwastam ta Duniya ke kula da shi tun 1988, da shi ake yanka kuɗin fito. Da motar ta isa boda a haka, da jami'i ya buɗe kwali ɗaya ya ga inji sukutum, shi ke nan, sai a ce mun ɓoye gaskiyar kaya. Gyaran bai ci minti goma ba. Ni kuwa gumi ya karyo min, don na san abin da na tsallake.

Wajen lodi ma na ga aiki. Direbanku ya hana a tara nauyi a baya, ya sa aka baza kwalayen yadda kowace ƙafa ta mota za ta ɗauki rabonta, don a sikelin hanya ba jimillar nauyi kaɗai ake dubawa ba. Na yi ta ƙorafin ana ɓata min lokaci, bai kula ni ba, kuma shi ke da gaskiya. Da ya ga kwali ɗaya ya yage ta gefe, sai ya rubuta hakan a takardar CMR, wato takardar shaidar ɗaukar kaya a mota, kafin ya sa hannu. Da farko na ji haushi, na ɗauka kansa yake karewa. To, kansa yake karewa, amma har da ni. Takardar nan, da ta samo asali daga yarjejeniyar Geneva ta 1956, kwafi uku ce: ɗaya nawa, ɗaya ta bi kaya, ɗaya ta kamfani. Abin da aka rubuta a kai shi ne hujja in gardama ta taso. Aka rufe mota, aka ɗaura sil, wato hatimin rufe ƙofa mai lamba, direban ya karanta min lambarsa, na rubuta a bayan kwafina.

A boda an samu tsaiko, na'urar kwastam ta tsaya. Kafin in nema, ofishinku ya kira ni aka ce layi ya yi tsawo, kada in sa ran mota kafin jibi. Ban ji daɗin labarin ba, amma ya ba ni damar sanar da mai karɓa ya sallami 'yan dakon da ya tara. Jibin kuwa mota ta iso. Mai karɓa ya karanta min lambar sil ta waya, ta yi daidai da wadda ke hannuna, aka sauke kwalaye cif, har da yagaggen nan, injin da ke ciki lafiya lau.

Ranka ya daɗe, don Allah a isar min da gaisuwa ga akawun, da direban, da yaron motarsa da ya kwana biyu a gindin tirela yana gadi. Ina da wani lodin ƙarshen wata, kuma wannan karon ni da kaina zan rubuta lambar.

Naku,
Wani ɗan kasuwa mai godiya