Wasiƙa daga Moris zuwa ga Umma a Gangare

Rose Hill, tsibirin Moris
Watan Agusta

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya kamar yadda nake a nan, Allah ya sa haka, amin. Yaya ƙafar taki da wannan damina? Yaya Baba da kasuwa? Ina gaida Gwaggo, ina gaida Yaya da maigidanta da yara. Auta, na san kai za ka karanta wa Umma, to ka bi a hankali kada ka tsallake layi, akwai naka a ciki.

Na zauna na rubuta ne saboda a waya ba ma samun zama. Mun riga ku da awa uku, lokacin da kuka idar da isha'i kuka shimfiɗa tabarma, mu nan sha ɗaya ta wuce, ga aiki da sassafe. Sai hirar ta ƙare a lafiya lau, lafiya lau, alhali akwai magana a bakina. Aiki yana tafiya daidai, alhamdu lillahi. Yanzu lokacin sanyinsu ne, domin ƙasar tana can kudu a tekun Indiya, gabas da Madagaska, yanayinsu ya saɓa da namu. Iska ce ke kaɗawa daga kudu maso gabas dare da rana, rigar sanyin da kika cusa mini a jaka ita nake sawa in zan fita asuba.

Umma, na je bakin teku. Na san abin da kika ce mini a ƙofar gida ranar da zan taho, cewa in yi nesa da ruwa, kuma ban manta ba. Shi ya sa nake so ki ji daga bakina yadda wurin yake, da abin da na taras a can.

Ranar Asabar na hau bas, na bi ta Curepipe, muka gangara ta cikin gonakin rake har wani gari da ake kira Mahebourg a kudu maso gabashin tsibirin, kusa da filin jirgin saman da na sauka. Babbar kasuwarsu ranar Litinin take ci, don haka na sami garin shiru. Daga tashar bas taku kaɗan ne mutum ya iske ruwa. Akwai dakali da aka yi wa masu shan iska, na bi shi har ƙarshe, na ci gaba zuwa inda masunta ke ɗaure kwale-kwalensu. A nan akwai ɗan yashi, bai fi filin da yara za su buga ƙwallo ba, gefe da gefe baƙaƙen duwatsu. Ba irin bakin tekun da ake nunawa a hotunan otal-otal ba ne. Babu kiɗa, babu masu talla, sai ƙarnin kifi kaɗan da ƙarar igiya tana gogar katako.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ruwan kwance yake. Teku da kike gani a talabijin yana tumbatsa yana dukan gaɓa, to nan ba haka yake ba. Can nesa Allah ya yi wata katanga ta duwatsun murjani a ƙarƙashin ruwa, ta kusa kewaye tsibirin duka. Igiyar ruwa in ta taso daga babban teku a kanta take fashewa, kana hango farin kumfa ya ja layi, amma ƙarfinta ba ya isowa. Tsakanin katangar da gari ruwan ba shi da zurfi sosai a yawancin wurare, garai-garai, kana ganin yashin ƙasa da ƙananan kifaye. Launinsa ma ba ɗaya ba ne, kusa da kai kore-kore, can gaba shuɗi. A tsallaken ruwa akwai dutse mai siffar zaki a kwance, da sunan zaki suke kiransa. Dab da gaɓa kuma ga wani ɗan mitsitsin tsibiri da gida ɗaya tal mai jan rufi.

Na cire takalmi na naɗe wando na shiga, iya gwiwa. Daga nan ban ƙara ba. Na daɗe a tsaye ina tasbihi, domin tunda na zo ƙasar nan ban sami wurin da kaina ya huta irin nan ba. A wurin aiki kwamfuta, a ɗaki waya, a bas hayaniya da harshen da har yanzu ban iya ba sai gaisuwa. A nan ne na sami sararin tuna ku ɗaya bayan ɗaya ba tare da ƙirjina ya yi nauyi ba.

Garin tsoho ne. A wannan gaɓa mutanen Holan suka fara sauka a 1598, Faransawa suka kafa garin a 1805, kuma a cikin ruwan nan da nake ba ki labari jiragen yaƙin Faransa suka ci na Ingila a watan Agustan 1810, ko da yake kafin shekarar ta ƙare Ingila ta karɓe tsibirin. Akwai gidan tarihi a wani tsohon gida a bakin gari, inda aka yi jinyar shugabannin yaƙin biyu, na Faransa da na Ingila, bayan duk sun ji rauni. Mutanen da ke zaune a nan yawanci jikokin bayi ne da aka kawo daga Afirka da Madagaska kafin a hana bauta a 1835, da jikokin leburorin da aka ɗebo daga Indiya don noman rake. Musulmi suna da yawa a cikinsu. Na yi azahar a masallaci cikin gari, bayan sallama wani dattijo ya riƙe hannuna ya tambaye ni daga ina, da na ce Najeriya sai ya dafa kafaɗata ya yi mini addu'a. Abinci ma babu matsala, kada ki damu. A bakin hanya na sayi wani soyayyen abu da suke yi da niƙaƙƙen wake da barkono, ɗan'uwan ƙosai ne sak, sai dai ƙanana ne kuma sun fi ƙarfi a baki.

Da na koma bakin ruwa na tarar da wani tsohon masunci yana gyaran kwandon waya irin wanda suke nutsarwa kifi ya shiga ya kasa fita. Jikansa yana jin Turanci, shi ya yi mana tafinta. Da na yaba kyan ruwan, tsohon ya nuna mini kudu da hannu, ya ce da na zo a 2020 da ban iya tsayawa inda nake ba saboda wari.

Labarin na taɓa jinsa sama-sama, amma a nan na ji shi daga wanda abin ya faɗa wa. Wani ƙaton jirgin dakon kaya na wani kamfanin Japan, sunansa Wakashio, ya taso daga Chaina zai tafi Birazil, babu kaya a cikinsa sai man da yake sha, wajen tan 4,000. Ranar 25 ga Yuli, 2020, ya hau kan katangar murjanin nan ya kafe, a daidai wani wuri da ake kira Pointe d'Esny, ɗan kudu da garin. Ya kwana goma sha biyu a wurin igiyar ruwa tana dukansa. Ranar 6 ga Agusta ya tsage, baƙin mai ya fara kwarara, kimanin tan 1,000 ya zube, iska ta koro shi cikin wannan ruwa mai kwanciya har bakin gari. A tsakiyar watan jirgin ya rabe biyu.

Abin da mutanen suka yi shi ne dalilin wannan wasiƙa. Gayya suka yi. A kan dakalin nan da na bi, maza da mata da 'yan makaranta suka taru dare da rana suna ɗinka dogayen buhuna na raga, suna cusa busasshen ganyen rake a ciki, suna ɗaura gorunan roba don ya yi iyo a saman ruwa. Masunta suka ja su da kwale-kwale suka tare man. Da aka ce gashin mutum yana tsotse mai, sai masu aski suka riƙa tara gashi, mata suka yanke nasu suka bayar. Umma, ki duba girman wannan, mace ta yanke gashin kanta saboda ruwan garinsu. Wasu suka shiga cikin man har ƙugu suna kwasa da bokiti. Daga baya dubban mutane suka fito zanga-zanga a Port Louis, babban birnin ƙasar, suna tambayar dalilin da aka bar jirgin kwana da kwanaki ba a janye man ba. Tsohon ya ce watanni suka yi an hana su kamun kifi, kuma har yau in ya tona taɓo a gindin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, zuciyarsa ba ta kwanciya sai ya ga hannunsa ya fito babu baƙi.

Akwai wani ɓangare na labarin da ya tsaya mini a rai. A kotu an bayyana cewa jirgin ya matso kusa da gaɓa ne don ma'aikatansa su sami sabis na waya su ji muryar iyalansu, lokacin annobar korona ce, mutane sun daɗe a teku ba su sauka ba. An kuma yi shagali a cikin jirgin a daren, hankali ya rabu. A ƙarshen 2021 aka yanke wa kaftin ɗin da mataimakinsa ɗaurin wata 20. Laifi sun yi, babu shakka, sun jawo wa talakawa asarar da ba su ji ba ba su gani ba. Amma ni da na san yadda mutum ke ɗaga waya sama yana neman sabis don ya ji an ce masa "ɗan albarka", na kasa tsine musu. Allah ya kiyaye mu da son zuciyar da zai cuci wani.

A bas ina dawowa, Jos kawai nake tunani. Kakanmu kuza ce ta kawo shi Jos, Baba ya sha ba mu labari. Kamfanonin Turawa sun haƙa tun farkon shekarun 1900, suka kwashe abin da za su kwasa, da kasuwar kuza ta faɗi aka watse aka bar ramuka, ruwa ya cika su. Ga su nan a Rayfield, a Bukuru, a Barikin Ladi, ko'ina. Ba na musun amfaninsu, da su ake noman rani, kabeji da karas da tumatir ɗin da ke cika Farin Gada da yawa ruwansu suka sha. Amma kin fi ni sanin iyayen da suka yi kuka a bakin waɗannan kududdufai. In yaro ya nutse sai mu ce ruwan ne ke cin mutum duk shekara, wasu su ce akwai mutanen ɓoye a ciki, a yi ta'aziyya a watse. Ramin haƙa ne, bakinsa a tsaye yake kamar rijiya, taku ɗaya daga iya gwiwa sai zurfin da ya fi gida, ruwan ƙasa sanyi ƙalau, ga laka mai riƙe ƙafa. Yaron da bai iya iyo ba ba shi da dabara ko ɗaya. Mu kuma maganin da muka sani shi ne tsawa da bulala, kuma yaro ba ya fasa zuwa, sai dai ya je a ɓoye. Yaran da na gani a Mahebourg, wasu ba su kai Auta ba, suna tsalle daga kan kwale-kwale suna fitowa suna dariya, iyayensu na zaune suna kallo. An koya musu ne tun suna ƙanana, a gaban manya.

Don haka ina roƙonki alfarma, ke da Baba. Ku bar Auta ya koyi iyo. Ba a kududdufi ba, ba a rafin Dilimi ba. A nemi wurin wanka na gini inda akwai mai koyarwa da mai tsaro, Yaya ta bincika, ni zan biya ko nawa ne. Na san zuciyarki ba za ta so ba, na san kuma daren ambaliyar 2012 bai bar idonki ba, yadda ruwa ya shigo Gangare da Rikkos muna ji muna gani. Ni ma saboda wannan daren nake roƙo. Ni kaina na sami inda ake koyar da manya a nan, zan fara in kin sa mini albarka, in ba ki amince ba kuma zan jira har ki amince.

Auta, ga naka. Kada ka ji wannan ka ɗauka an ba ka izinin bin abokai zuwa ruwa. Sai Umma ta ce to, sai kuma an kai ka. Sannan magudanar da ke bayan layinmu, na tabbata yanzu ta cika da leda, kuma Agusta ce. Ka sami samarin layi ku gaya wa mai unguwa ku sa rana ku kwashe ta. Na ƙara wani abu a kan kuɗin wannan wata don a sayi shebur biyu da safar hannu, a yi wa waɗanda suka fito kunu da ƙosai. Ka turo mini hoto in an yi.

Sauran kuɗin, Umma, na maganin ƙafarki ne da kuɗin makarantar Auta, abin da ya ragu a ƙara a cefane. Kada ki raba shi duka wa mutane ki bar kanki, don Allah. Akwai wani ɗan Bauchi da muke aiki tare da zai zo gida hutu wata mai zuwa, zai bi ta Jos, na ba shi lambar Yaya. In da hali a haɗo mini kuka da daddawa da yajin Gwaggo, a ɗaure su sosai a rubuta sunan kowanne a jiki saboda masu bincike a filin jirgi. Kilishi kada a sa, ba sa barin nama ya shigo.

A gaida Kawu da mutanen Anguwar Rogo, a gaida Liman, a ce ina neman addu'a. Ki yafe mini, ki ci gaba da sa mini albarka. Ina jiran amsarki a kan maganar iyo, ko ta bakin Auta ce.

Wassalam,
Ɗanki