Dariyar da kuka yi wa tarihi ta shigo har ɗakina

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, yau ba yabo ya kawo ni ba. Shirinku na rediyo na daren Talata ne ya tsaya min a rai, ka kuwa san wanda nake nufi. Baƙonku injiniya ya ce tarihi tatsuniya ce da aka sa wa babbar riga, ya ce duk sa'ar da yaro ya yi a ajin tarihi sata ce aka yi wa lissafi da kwamfuta. Bakinsa ne, ba ni da ikon rufe shi. Wanda ya ƙona min rai shi ne mai gabatar da shirin. Ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce "wallahi kuwa", ya wuce tambaya ta gaba. Ko "amma fa" guda ɗaya bai ce ba. Wannan tattaunawa ce ko amshi?

Ina zaune da ɗana mai shekara 15 muna sauraro. Dama ya daɗe yana neman hanyar da zai rabu da darasin, sai abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ya juyo yana murmushi ya ce, "Umma, kin ji ko? Masu ilimi ma sun faɗa." Washegari na shiga ɗakinsa na tarar da littafin tarihinsa a ƙasa, ya tokare ƙafar teburin karatunsa da ke rawa. Littafin da na saya da gumina. Abin da na yi shekara uku ina ginawa, dariyar mutum ɗaya ta rushe shi a dare guda, saboda abin da yaro ya ji a rediyo ya fi na uwarsa nauyi.

Kada wani ya ce ina kare albashina ne. Ni ba malamar tarihi ba ce. Ungozoma ce ni, shekara 21 ina ɗakin haihuwa, kimiyyar da baƙonku yake tinƙaho da ita ni ita nake ci nake sha. Kuma ina gaya muku, a wannan ɗakin na san amfanin tarihi.

Duk shekara ana turo mana ɗalibai koyon aiki. Ki ce musu su wanke hannu tsakanin mai jego da mai jego, su ce to, kina juya baya sun manta. Takardar da aka manna a saman famfo ba ta hana su komai. Sai na daina faɗa, na koma ba su labarin Semmelweis, likitan da ya yi aiki a babban asibitin Biyenna ta ƙasar Ostiriya. A can akwai ɓangaren haihuwa biyu, ɗaya na likitoci da ɗalibansu, ɗaya na ungozomomi. A ɓangaren likitoci kusan mace 1 cikin 10 zazzaɓin jego ke kashewa, na ungozomomi bai kai rabin haka ba, har mata kan roƙi kada a kai su wurin likitoci. Dalili? Likitocin suna fitowa daga ɗakin binciken gawa su zarce kan masu naƙuda da hannun nan nasu. A 1847 ya tilasta wanke hannu da ruwan kulorin, mace-macen suka zube ƙasa warwas. Manyan likitocin zamaninsa ba su gode masa ba, sun ji haushin a ce hannun mai daraja na ɗauke da ajali, shi kuma ya ƙare rayuwarsa a gidan mahaukata a 1865. In na kai nan ɗakin kan yi tsit. Akwai wata ɗaliba mai rawar kai da na ga ta sunkuya tana duban tafin hannunta kamar yau ta fara ganinsa. Daga ranar ban sake yi mata maganar sabulu ba. To wannan darasin kimiyya ne ko na tarihi? Baƙonku ya raba min su in gani.

Wata rana kuma wani magidanci ya hana a yi wa jaririyarsa rigakafi. Ya ɗaga waya yana cewa ya karanta Turawa sun taɓa yin gwaji da baƙar fata. Wata abokiyar aikina, yarinya mai ƙoƙari ƙwarai a fanninta, ta ce masa ƙarya ce, jahilci ne. Nan take idonsa ya yi ja, ya ce wa matarsa ta tashi su tafi. Na tare ƙofa na ce, "Malam, dakata, gaskiya ka karanta. An yi." Na gaya masa na Tuskegee a Amurka, inda daga 1932 har 1972 jami'an lafiya na gwamnati suka zuba ido wa ɗaruruwan baƙaƙen fata masu ciwon tunjere ba tare da yi musu magani ba, ko bayan da fenisilin, maganin ciwon, ya samu, don kawai su ga yadda ciwon ke cin mutum. Sai a 1997 Shugaba Clinton ya nemi afuwa. Sannan na ce masa, yanzu ka saurari ɗaya rabin. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin tsoho mai zanen agana a fuska. Ya ce kakansa ma. Na ce to 'ya'yanka fa, wa ka taɓa ji ta kama? Mutum na ƙarshe da ta kama a gari, a Somaliya ne a 1977, a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shelanta an gama da ita, kuma allura ce ta yi wannan aikin. Ya yi shiru ya daɗe. Can ya ce, "Baba, ke ce ta farko da ba ta mai da ni mahaukaci ba." Da kansa ya riƙe cinyar jaririyar. Abokiyar aikina ta fi ni sanin abin da ke cikin kwalbar, amma ba ta san abin da ke cikin zuciyar mutumin ba, don ba a taɓa koya mata daga ina tsoronsa ya samo asali ba.

Tsakani da Allah, akwai inda zan bi bayan baƙonku. Malamin tarihina na farko ya sa na tsani darasin. Jerin sarakuna da shekarunsu, mu rera kamar waƙa, wanda ya tsallake ɗaya ya miƙo hannu. Yau ko rabinsu ban tuna ba. In wannan yake nufi, da sai ya ce a gyara koyarwa. Ai lissafi ma akwai masu koyar da shi da bulala da hadda, ban ji ya ce a soke shi ba.

Malama ta biyu ita ta juya ni, Allah ya ji ƙanta. Ranar da ba na mantawa, ta shigo ba ta ce mana komai ba, ta rubuta jimla biyu a allo. Ta farko: sarki zai iya bi ta hannun Italiya in zai yi hulɗa da ƙasashen waje. Ta biyu: dole ne sarki ya bi ta hannun Italiya. Ta ce mu faɗi bambancinsu. Muka ce kalma ɗaya ce kawai. Ta ce to wannan kalmar ta ci dubban rayuka. Yarjejeniyar Wucale ce ta 1889 tsakanin Sarki Menelik na Habasha da Italiya, sashe na 17. Kwafin Amharik ya bar wa sarki zaɓi, kwafin Italiyanci ya mai da ƙasarsa ƙarƙashin kariyar Italiya. Da Menelik ya gano sai ya yi fatali da ita, ƙarshenta aka gwabza a Adwa a 1896, Habasha ta yi nasara. Malama ta goge allon, ta kakkaɓe alli daga hannunta, ta ce kada ɗayanmu ya taɓa sa hannu a takardar da wani ya karanta masa. Shekara talatin ke nan da wani abu, har yau in aka miƙo min takarda sai na nemi tabarau na bi ta layi-layi, masu jira su yi ta tsaki.

Ita ce kuma ta ɗora mu kan tambayoyi uku: wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, me yake nema da faɗarsa? Ta ce ba baƙon abu ba ne, malaman hadisi sun daɗe suna bin isnadi mutum-mutum kafin su karɓi magana, kuma masanin tarihi Ibn Khaldun tun a 1377 yake tuhumar marubutan da ke kwafo adadin mayaƙa ba tare da sun tambayi kansu ko filin ma zai ɗauke su ba. Yanzu dubi wayar da ke hannun 'ya'yanmu. Hoton wani tsohon rikici na wata ƙasa, a sa masa sabon suna a tura, kafin azahar ya zagaye gari. Injiniyanku zai koya wa ɗana yadda ake haɗa manhajar da ke tura hoton cikin daƙiƙa. Madalla. Wa zai koya masa ya tsaya ya tambaya kafin ya danna? Af, kuma a gaya wa baƙon naku, kalmar algoridim, wato jerin matakan da kwamfuta ke bi, da ya yi ta nanatawa kamar shi ya ƙirƙiro ta, daga sunan Al-Khwarizmi ta fito, masanin da ya zauna a Bagadaza a ƙarni na 9. Aljabara ma daga sunan littafinsa aka samo ta. Da ya zauna a ajin da yake rainawa da ya sani.

Ya kuma ce tarihi ba ya ba da aikin yi. Yaron sakandare muke magana a kai, ba wanda zai zaɓi digiri ba. Ni ban ce ɗana ya bar fizik ya rungumi tarihi ba, injiniya yake so ya zama kuma ina yi masa addu'a dare da rana. Darasi biyu ko uku a mako ne ake rigima a kansu. Na yi shekaru ana koya min fasalin fure da sassan kifi, ban taɓa karɓar haihuwar kifi ba, amma ban ce an cuce ni ba.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Ku kawo malamin tarihi, na aji mai riƙe alli, ba sai farfesa ba, ku ba shi daidai mintocin da kuka ba injiniya, a daidai wannan lokacin da yara ba su kwanta ba. Mai gabatarwa kuma ya matse shi da tambaya yadda ya kamata ya matse wancan. In kuka kai shi ƙarfe sha ɗaya na dare, kun yi aikin banza, ɗana ya yi barci da dariyarku a kunnensa. Na ciro littafin daga ƙarƙashin tebur, na goge shi, na sa kwali a madadinsa. Bangon ya lotsa, shatin ƙafar teburin na nan a kai.

Tun da na riga na ɗauki alƙalami, bari in amayar da ɗaya. Wannan tallar maganin da kuke sakawa sau uku a cikin shiri ɗaya, mai cewa kwalba guda tana warkar da hawan jini da ciwon suga da rashin haihuwa, wa yake tantance ta kafin ta fita? Mu ake kawo wa matan bayan sun ajiye ƙwayoyin asibiti sun koma kanta, ƙafa a kumbure, jini ya hau, cikin wata takwas. Na kira lambarku sau huɗu a kan wannan, kullum layi a cike, ranar da ya shiga kuma aka ce lokaci ya ƙure.

Taku mai sauraro,
wata ungozoma