Kafin ka kai laftof ɗinka wurin mai gyara

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya karatu, ya sanyin Samaru? Mu nan Kano hazo ya sauko sosai, amma kowa lafiya, alhamdu lillahi.

Ummanka ta ba ni labarin abin da kuka tattauna a waya daren jiya. Ta ce laftof ɗinka wata rana ka danna ta tashi garau, wata rana kuma fanka na juyawa, 'yar fitilar gefe na kunne, amma sikirin baƙi ƙirin, sai ka kashe ka kunna sau uku ko huɗu kafin ta kawo. Ta ce kana neman kuɗin sabon sikirin. In ta kama a saya za a saya, in sha Allahu. Amma na daɗe ina kwance irin waɗannan na'urori a kan teburina, kuma abin da ka kwatanta bai yi mini kama da mutuwar sikirin ba. Sikirin da ya mutu galibi ya mutu ke nan, ba ya farfaɗowa da safe ya sake suma da yamma. Ciwon da ke zuwa yana tafiya yawanci wani abu ne ya saki jiki a ciki, ko kuma Windows ce take rikicewa wajen tashi.

Kafin komai, duk lokacin da ta kawo hoto, kada ka buɗe wani abu sai ka kwashe furojet ɗinka. Ka sa shi a filash, ka kuma tura wa kanka ta imel, babi-babi, har da hotuna da duk bayanan da ka tattaro. Yau nake nufi. Na taɓa ganin wata ɗaliba a bakin shagona, saura mako biyu ta miƙa aikinta, tana riƙe da kwamfutar da ta yi wata guda tana yi mata irin wannan gargaɗi. Mun ceto mata aikin daga ƙarshe, amma kwana ukun da ta yi ba ta iya cin abinci ba har yanzu suna raina. Ba na so ka ɗanɗani wannan.

To, ranar da ta sake ƙin kawowa, kada ka yi saurin danne maɓallin kashewa. Ka zauna da ita minti biyu ka lura. Abu na farko, tambarin kamfanin da ya ƙera ta yana fitowa kafin duhun, ko tun daga farko babu komai? In tambarin ya bayyana tsaf sannan ta yi duhu, sikirin da wayarsa sun wanke kansu, tunda ga shi sun nuna hoto. Laifin yana wajen Windows. In kuwa ko tambarin babu, sai ka danna Caps Lock ka dubi 'yar fitilarsa. In tana kunnuwa tana mutuwa yadda kake dannawa, kwamfutar na raye, hoton ne ya ɓace a hanya. In ba ta amsa maka ba, ko ka ga tana ƙyaftawa da kanta, to na'urar ba ta ma gama binciken kanta na farko ba. Ka ƙirga ƙyaftawar, dogaye nawa, gajeru nawa, ka rubuta. Wannan ƙirge harshe ne da na'urar ke faɗin inda ke mata ciwo, kuma kowane kamfani da fassarar nasa.

Sai gwajin da na fi so, don ba ya cin ko sisi. Ka kashe fitilar ɗaki, ka kunna tocilar wayarka, ka kara ta dab da sikirin a karkace, ka zuba ido. In ka hangi hoto dishi-dishi, kamar rubutun da aka wanke a allo ya bar alama, to hoton yana nan, hasken da ke bayansa ne ba ya kamawa. Bayan wannan ka ari wayar HDMI ka haɗa da talabijin ko wani sikirin na tebur. In bai nuna ba, ka danna maɓallin Windows tare da P, ka sauka da kibiya, ka danna Enter. Hoto ya fito a talabijin, naka kuma duhu? Alhamdu lillahi, galibi bod ɗinka, wato babban faifan ciki da komai ke haɗe da shi, lafiya lau yake, kuma shi ne mai tsadar.

A nan zargina ya fi ƙarfi, don na san yadda kake buɗe ta. Na sha ganinka ka kama kusurwa ɗaya da yatsa biyu ka fizge murfin, ko ka ɗauke ta ta sikirin daga falo zuwa ɗaki. Akwai wata siririyar waya da ke ɗauko hoto daga bod, ta ratsa ta cikin hinji, wato mahaɗin murfin da jikinta, ta hau bayan sikirin. Duk buɗewa da rufewa sai ta lanƙwasa. Shekara da shekaru ana haka, ko dai bakinta ya ɗan zame daga mazauninsa, ko wani sili a cikinta ya tsinke yana taɓawa yana saki. Gwajinta mai sauƙi ne: tana kunne cikin duhun nan, ka riƙe murfin a tsakiya, ka riƙa tura shi baya a hankali, kana dawo da shi. In a wani wuri hoto ya yi walƙiya, ko ya kawo da layi-layi, ka kama ɓarawo. Wayar nan kuɗinta bai kai rabin na sikirin ba, wani lokacin ma mayar da bakinta kawai za a yi. Sau da yawa an kawo mini kwamfutar da aka riga aka canja wa sikirin a wani wuri, bayan mako guda ciwon ya dawo, tsohon sikirin mai lafiya kuma ya tafi.

In ta nuna Windows ce, ka danna Windows da Ctrl da Shift da B lokaci guda. Za ka ji ƙara kaɗan, sikirin ya ƙyafta, wani lokacin hoto ya dawo nan take. Sannan akwai abin da ake kira Fast Startup, wanda ya shigo tun Windows 8 a 2012. Da shi, in ka danna Shut down ba ta mutuwa gaba ɗaya, tana adana wani sashe na kanta don ta tashi da sauri, kuma in abin da ta adana ya gurɓata sai ta tashi a makance. Ka shiga Control Panel, ɓangaren Power Options, ka cire alamar da ke kansa, ka yi mako guda kana lura.

Wani abu kuma da za ka iya da kanka: ka zare caja da filash da duk abin da ke maƙale da ita, ka cire batir in mai fita ne, ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30, sannan ka mayar da caja ka kunna. Ragowar wutar da ta maƙale a bod ce kake zubarwa.

Saura ram, wato siririn faifan da take riƙe abin da take aiki a kai, kuma lokacin hunturu ita ce ta biyu a zargina. Ƙurar nan da ke shiga har cikin tukunya a rufe tana shiga kwamfuta, ta kwanta a bakin haƙoran ram. Ana buɗe 'yan ƙarafa biyu na gefe, ta ɗago da kanta, a zare, a goge haƙoran masu ruwan zinare da robar goge fensir mai tsabta, a mayar a karkace a danna har ta ce ƙas. Amma ka ji ni da kyau. Ka san tartsatsin da bargo ke yi da dare a wannan lokaci, ko ɗan fizgar da kake ji in ka taɓa ƙofar mota? Wannan wutar ta isa ta kashe ram. Ka taɓa ƙarfen taga tukuna, ka kama ta ta gefe, kuma kada ka yi aikin a kan katifa. In batirinka na ciki ne, sai an zare wayarsa daga bod kafin a taɓa komai. Wani yarona a shago ya taɓa zare wayar sikirin batir na haɗe, fis ɗin hasken da ke kan bod ya ƙone nan take, aikin minti goma ya zama na kwana biyu. In notunan sun ƙi kwantuwa, ko ka ga batirin ya kumbura, ka tsaya nan. Kada garin gyaran gira a rasa ido.

Ƙananan abubuwa biyu kada in manta. Akwai maganaɗisu a murfin da ke sanar da ita an rufe ta, don haka in ka ɗora ta a kan wata laftof, ko ka ajiye sifika ko waya a gefen madannai, tana iya zaton a rufe take ta kashe sikirin. Sannan ka dubi agogonta. In kullum yana komawa baya, ɗan batirin nan na ciki da ke riƙe mata lokaci, mai kamar kwabo, mai bolt 3, ya ƙare.

Ka samu takarda ka riƙa rubutawa: yaushe ta ƙi kawowa, a kan caja ko a kan batir, wutar janareta ko ta gari, da sanyin asuba ko bayan ta yi zafi. In ka je wa mai gyara da wannan, zai san da wanda yake magana. Ka ce ya gwada a gabanka, kuma duk abin da ya cire ya ba ka a hannu. In har ta tabbata sikirin ne, ka bari sai ka zo hutu mu shiga Titin Beirut tare, don sai an duba lambar da ke bayansa da yawan haƙoran bakin da wayarsa ke shiga, ko 30 ne ko 40, kafin a saya.

Ka kira ni ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka karanta mini abin da ka rubuta. Ummanka na gaishe ka, ta ce yajin da ta aika ya isa ko a ƙaro? Ƙannenka ma duk suna gaisuwa. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka sa'ar kammalawa lafiya.

Mahaifinka.