Maganar hoton nan na kan dutse

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya jikin Inna? Allah Ya ƙara sauƙi. Ni ma lafiya lau nake, sai sanyi, shi kuwa a nan Kalgari ta ƙasar Kanada ba baƙo ba ne.

Na turo ₦400,000 asusunka ranar Litinin. ₦250,000 na kwanon ɗakin Inna ne, ₦100,000 na maganinta, ragowar kuɗin makarantar Auta. Don Allah kai za ka je ka biya da hannunka, kada a damƙa wa Auta ko sisi, ka san abin da ya faru bara.

Labari ya iso mini cewa Gwaggo ta shiga gida da hotona a waya, wai ga ni can kan duwatsu ina yawon shaƙatawa da Turawa, ina facaka da dala, ɗakin uwata kuwa yana yoyo. Wallahi maganar ta yi mini ciwo, ranar ko barcin kirki ban yi ba. Ai da sai a tambaye ni.

Ga yadda abin yake. Aikina na dare ne a sito, in na dawo in kwanta, kafin in farka rana ta yi nisa, don a watan Disamba nan wajen ƙarfe 4:30 ake magariba. Sai mutum ya yi mako bai ga rana ba. Da na je asibiti likita ya ce jinina ya ɗan hau, in riƙa motsa jiki. Ba wani abu ba ne, kada ka faɗa wa Inna. To ina za ka motsa jiki a garin da sanyi kan kai 30 ƙasa da sifili? Wani abokin aikina ne ya ce in biyo su Banff ranar hutu. Tafiyar kamar kilomita 130 ce yamma da mu, gandun daji ne na gwamnati tun 1885, shi ne na farko a duk Kanada. Mota tasa ce, kuɗin mai da na shiga karo-karo muke yi, takalmin ma aro ya ba ni. Facakar ke nan.

Abin da kuka gani a ƙafata wani faffaɗan takalmi ne da ake ɗaurawa a ƙarƙashin but, wato babban takalmin sanyi. Dusar ƙanƙarar can tana da zurfi, in ka taka haka kawai sai ka nutse har gwiwa ko cinya. Shi kuwa yana baza nauyinka, kamar yadda tafin raƙumi ke hana shi nutsewa a rairayi. Mutanen asalin ƙasar, tun kafin zuwan Turawa, da itace da tsirkiyar fata suke saƙa nasu su fita farauta. Na yanzu da alminiyom ake yi, da haƙoran ƙarfe a ƙasa don hawan gangare, ga sanduna biyu a hannu. Ba irin wancan na sulu da kuke gani a talabijin ba ne, wannan tafiya ce kawai, duk mai ƙafa zai iya. Sai dai a tale ake tafiyar, washegari ƙugu da cinyoyi su gaya maka.

Yaya, ka yarda mutum ya yi gumi a cikin ƙanƙara? Kafin mu yi nisa na tuɓe babbar rigar sanyi na rataya a jaka, gemuna kuwa ya yi fari fat da ƙanƙarar numfashina. Ruwan gora daskarewa yake yi, shayi muke ɗauka a fulas. Mun bi gefen Tafkin Louise, ya daskare har mutane suna yawo a kansa. Da alwalata na fito daga gida, na shimfiɗa riga na yi azahar a wajen, abokan tafiya suka tsaya jirana ba wanda ya ce uffan. Ɗan Kano a kan waɗannan duwatsu! Ka faɗa wa Inna kada ta damu, hanyar da aka yi wa alama muke bi, kuma kullum ana fitar da sanarwar haɗarin zaftarewar ƙanƙara, mataki 1 zuwa 5, in ta yi sama ba ma zuwa.

Na san ni ne ba na nan, kai ne kake ɗawainiyar asibiti da dare. Ban manta ba. Amma ban ga dalilin da zan ɓoye cewa ina neman lafiyata ba, in na kwanta wa zai turo? Zan ci gaba da zuwa, hoto ne dai na daina sawa.

Kwanon a saya yanzu kafin damina ta matso kuɗinsa ya tashi, kuma ka turo mini hoton rasit, in Gwaggo ta zo a nuna mata. Na Auta kuwa, na sake faɗa, makaranta za a kai. In an samu mai tahowa a aiko mini da kuka da yaji, nawa sun ƙare.

A gaida Inna da kyau, a ce ta sa ni a addu'a. A gaida Kawu, da Gwaggon ma.

Ƙaninka.