Wasiƙa daga Alba zuwa ga Inna

Alba, Italiya
14 ga Oktoba

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Baba? Ni lafiya lau nake, alhamdu lillahi.

Maganar da Kawu yake yi a majalisa ta iso ni, wai a kamfanin giya nake aiki, wai kuɗina bai halatta a ci ba. Inna, kwana biyu ban yi barcin kirki ba. A gona nake. Inabi nake yanka da almakashi, in zuba a kwandon roba, tarakta ta zo ta kwashe. Ba zan ɓoye miki ba, giya ake yi da shi, ta garin Barolo da ke kusa da mu ma har Amurka ake kai ta. Amma wallahi ban taɓa kai ta bakina ba, ban kuma taɓa shiga inda ake matsa ta ba. Ni ma abin yana cin raina. Na tambayi limaminmu, ya ce in nemi wani aikin da zarar na samu hali. Akwai gonakin wata gyaɗar bishiya da ake cakulan da ita, can nake son komawa baɗi in Allah ya yarda.

Na turo yuro 250 ta hannun Yaya. A cire 100 na maganin Baba, a biya wa Auta kuɗin makaranta, sauran a sayi gero yanzu da kaka, tun bai tashi ba. Kada a ba Kawu ko sisi, ko da sunan rance ne.

Da za ki ga ƙasar nan! Tudu ne kan tudu, layin inabi ya sauko daga sama har gangare kamar kitso. Da asuba hazo yake cika kwari, ba ka ganin na gabanka, raɓa ta sa yatsu su ƙage. Sai hantsi ya ɗaga ya washe, ka hango duwatsun Alps fari fat. Wanda muke yanka yanzu Nebiyolo suke ce masa, shi ne na ƙarshe, sai Oktoba yake nuna. Mai gonar kullum idonsa na sama, don ruwan ƙanƙara kan lalata aikin shekara cikin ɗan lokaci. In an yi ruwa kuwa, farar lakar nan ta kama takalmi, hawa ya zama aiki. Gwiwata tana ɗan damuna, amma ba wani abu ba ne, kada ki sa a ranki. Cikin rukuninmu ba wanda ya fi ni cika kwando.

In an gama yankan nan aiki zai yi ƙasa har lokacin datse rassa da sanyi, wataƙila saƙona ya yi jinkiri. Shi ya sa nake nanata maganar geron nan. A saya, a ajiye a ɗakinki, makulli a hannunki.

Ki gaida Baba, ki roƙa mini gafararsa da ban zo jinya ba. Ki sa ni a addu'a, Inna.

Ɗanki