Sanarwa: zama kan kuɗin abin hawa

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, zuwa Sabon Gari daga nan Rijiyar Zaki ya zama aiki. Jiya a Kabuga na ga wata dattijuwa ta kwance bakin zani tana ƙirga canji, kuɗin bai kai ba, ta kama hanya a ƙafa. Ba na ganin laifin masu adaidaita sahu, ga mai ga balas.

Za mu rubuta wa ɗan majalisarmu na jiha takarda: a kawo manyan motoci masu sauƙin kuɗi har unguwannin gefen gari, a yi wa ɗalibai rangwame. Zaman ranar Asabar ne bayan La'asar, a ƙofar masallacin Juma'a. Kowa ya zo da lissafin abin da yake kashewa a sati. Iyayenmu mata, don Allah kar a bar ku a baya.